Yadda ɗan wasa zai shawo kan fargaba, ya kuma zauna lafiya da kocinsa

Duk mai zuwa kallo a filin Giginya da ke Sakkwato, ko filayen unguwa irin na Mabera da Runjin Sambo, ya san irin yaron nan: ranar atisaye ba mai iya raba shi da ƙwallo, ranar wasa kuwa sai ka rantse an musanya shi. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya rufe, ƙwallon da yake tarewa da sauƙi ta riƙa zille masa. 'Yan kallo su ce ba shi da zuciya, wasu su ce an yi masa asiri, koci ya fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci, daga nan kuma zama ya fara tsami tsakaninsu.

Akwai fannin ilimi da ke nazarin tunanin ɗan wasa da halayyarsa, kuma manyan ƙungiyoyin duniya suna ɗaukar masanansa aiki kamar yadda suke ɗaukar likita. Mu nan ba kowace ƙungiya ke da halin haka ba, amma mafi yawan dabarun ɗan wasa zai iya koyonsu da kansa, ko ɗan ƙwallo ne, ko ɗan tsere, ko ɗan kokawa da dambe. Sharaɗin guda ne: a yi su a ranakun atisaye har su zama jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: gano irin fargabarka

Idan wasa ya matso, jiki yana sakin sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, ciki ya murɗa, wani ma sai ya zagaya bayi sau biyu kafin a busa usur. Duk wannan shiri ne jiki yake yi, kuma har manyan 'yan wasa suna jin sa. Tun 1908 wasu masana biyu a Amurka, Yerkes da Dodson, suka yi gwajin da daga baya aka gina wannan fahimta a kansa: idan motsuwar jiki ta yi ƙasa sosai aiki ba ya kyau, idan ta wuce kima ma ya lalace. Kamar fatar kalangu ce, in ta saki ba ta amo, in an matse ta fiye da kima ta fashe. Daga baya wani masani ɗan Rasha, Yuri Hanin, ya nuna cewa kowane ɗan wasa da nasa ma'aunin. Wani sai jininsa ya tafasa yake wasa mai kyau, shi ya sa ɗan dambe ke neman makaɗi ya zuga shi da kirari. Wani kuwa in aka zuga shi ya rikice ke nan.

Don ka san naka, nemi ƙaramin littafi. Bayan kowane wasa rubuta abu uku: yawan fargabar da ka ji kafin a fara, daga 1 zuwa 10, yadda ka taka, shi ma daga 1 zuwa 10, da abin da ke yawo a ranka a lokacin. Bayan wasa biyar ko shida za ka fara ganin lambar da ka fi yin ƙoƙari a kanta. Idan ka fi kyau a 5 amma kullum kana shiga fili a 9, aikinka saukowa ne. Idan kana shiga a 2 kana hamma, aikinka tayar da kanka ne da ɗumi mai ƙarfi, da tsalle, da ɗaga murya tare da 'yan uwa.

Na biyu: numfashi

Wannan shi ne abu mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi rainawa. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun bugun zuciya. Zauna, ɗora tafin hannu a kan ciki, shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu har ka ji cikin ya taso, sannan ka fitar ta baki kana ƙirga shida. Zai kama kamar numfashi shida a minti ɗaya. Yi haka minti biyar bayan sallar asuba, minti biyar kafin kwanciya.

Bayan mako biyu sai ka kai shi fili. Da ka gama zagayen gudu mai ƙarfi, kana haki, tsaya ka yi irin wannan numfashi sau uku kafin ka taɓa ƙwallo. Dalili kuwa, ranar wasa ba a kan tabarma fargaba za ta same ka ba, cikin haki da ihun 'yan kallo za ta zo.

Na uku: ware abin da ke hannunka

Raba takarda gida biyu. A hagu rubuta abin da ba ka da iko a kansa: hukuncin alƙalin wasa, ramukan fili, ƙurar hunturu, zagin 'yan kallo, wanda koci zai fara da shi, da mutumin da aka ce ya zo daga Abuja neman 'yan wasa. A dama rubuta naka: barcinka, zuwa kan lokaci, komawa baya da gudu idan an ƙwace ƙwallo, duba kafaɗa kafin a miƙo maka, yin magana da na kusa da kai. Yawancin abin da ke hana yaranmu barci daren wasa yana gefen hagu.

Daga gefen dama za ka ciro burin wasan, biyu kawai. Ɗan gaban da ya ce "dole in ci yau" ya ɗora wa kansa abin da gola da turke da sa'a duk suna da hannu a ciki. Gara ya ce, duk ƙwallon da aka kwaso daga gefe zai same ni a cikin da'ira. Wannan zai iya cika shi ko an ci ko ba a ci ba, kuma daga nan cin yake fitowa. Tarbiyyarmu ma ta tanadi wannan, domin tun muna makarantar allo aka koya mana hadisin ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Addu'a da zikiri kafin shiga fili suna kwantar da hankali ƙwarai. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya rataya ƙarfin zuciyarsa ga laya ko wani ƙulli a cikin safa, ranar da ya manta shi a gida sai wasan ya rushe tun a cikin mota.

Na huɗu: tsara abin da za ka yi a lokacin tsanani

Fenariti shi ne misali mafi bayyana. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Geir Jordet, ya bi diddigin bugun fenariti a manyan gasannin duniya, ya gano cewa waɗanda ke rugawa su buga da zarar an busa usur sun fi zubarwa a kan waɗanda ke ɗan dakatawa. Gaggawar nan gudun wahala ce, mutum yana so abin ya wuce ya huta. Gareth Southgate, wanda ya zubar da fenariti a wasan Ingila da Jamus a 1996, da ya zama kocin Ingila sai ya mayar da bugun abin koyo a atisaye, ya kuma kawo masaniyar halayyar 'yan wasa cikin tawagarsa. A gasar kofin duniya ta 2018 Ingila ta fitar da Kolombiya a bugun fenariti, karo na farko da ta yi nasara ta wannan hanya a gasar.

Naka tsarin zai iya zama haka: ka ajiye ƙwallo da hannunka, ka ja baya da adadin taku iri ɗaya kullum, ka zaɓi kusurwa tun kafin ka ɗaga kai kada kuma ka sauya, in an busa ka yi dogon numfashi ɗaya, ka faɗa wa kanka kalma ɗaya kamar "ƙasa" ko "natsu", sannan ka tafi. Mai tsere ya yi nasa a bakin layi, ɗan kokawa ya yi nasa kafin a haɗa su. A atisaye ka roƙi abokai su tsaya bayan raga suna maka ihu da tsiya, har a sa sharaɗin wanda ya zubar shi zai kwashe kaya.

Daren wasa, bayan ka kwanta, ɗauki minti goma ka buga wasan a ranka. Ka ga filin, ka ji zafin ƙasa ta cikin takalmi, ka ji hayaniya, ka ga kanka kana yin abubuwan nan biyu da ka zaɓa. Ka haɗa har da kuskure: ka ga an ƙwace maka ƙwallo, ka ga kanka ka juya ka bi ta.

Kuskure kuwa yana buƙatar nasa tsarin, domin ba kuskuren farko ke kashe wasa ba, minti goman da mutum ke yi yana tunaninsa ne. Zaɓi wata alama, ko gyara safa, ko tafa hannu sau ɗaya, wadda ke nufin an rufe wannan babi. Numfashi ɗaya, sannan ka tambayi kanka ina ya kamata in tsaya yanzu. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 Brazil tana gaban Najeriya da ci 3 da 1, Najeriya ta ma zubar da fenariti, amma Najeriya ta yi nasara da ci 4 da 3, Kanu ya ci biyun ƙarshe. Bukayo Saka yana ɗan shekara 19 ya zubar da bugun ƙarshe a wasan ƙarshe na kofin Turai a 2021, ya sha zagi, daga baya kuma ya zama mai buga wa Arsenal fenariti.

Na biyar: barci, zafi da abin da kake sa wa cikinka

Wanda bai yi barci ba komai ƙanƙantar magana sai ta ɓata masa rai. A jami'ar Stanford an yi gwaji da 'yan ƙwallon kwando, aka buga sakamakon a 2011: da suka ƙara tsawon barcinsu, gudunsu ya ƙaru, jifansu ya ƙara daidaita. Nemi awa takwas ko fiye. Na san a Sakkwato tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga kuma rashin wuta, wannan magana tana da wuyar cikawa. Watsa ruwa kafin kwanciya, kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, da ƙailula ta rabin awa bayan azahar suna rage asara. Gidan kallon ƙwallo da daddare, da shayi mai kauri, da goro, da lemon ƙara kuzari bayan la'asar, a bar su a kwana biyun da ke gaban wasa. A watan azumi a yi magana da koci a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa baki.

Sai ƙwaya. Wanda ya ce maka tiramol tana cire tsoro da gajiya bai gaya maka sauran ba: tana kama mutum, tana iya jawo farfaɗiya, tana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun Janairun 2024. Cacar ƙwallo a waya ma wani nauyi ne da yara ke ɗaukar wa kansu, ga haramci, ga bashi, ga shi dokokin FIFA sun hana ɗan wasa yin ta.

Na shida: zama da koci

Nan ne aikin ya fi yawa. Sophia Jowett ta jami'ar Loughborough a Ingila ta daɗe tana nazarin alaƙar koci da ɗan wasa, ta kuma tsayar da ita a kan ginshiƙai uku: kusanci, wato yarda da girmama juna, niyyar ci gaba da tafiya tare, da dacewar aiki, wannan ya ba da umarni wancan ya karɓa cikin sauƙi. Ta ƙara da na huɗu, wato kowannensu ya san yadda ɗayan ke kallon alaƙar. A ganina wannan na huɗun ne ya fi ba mu wahala. An tarbiyyantar da mu kada mu haɗa ido da babba, kada mu mayar masa da magana. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai a fili tana haifar da rashin fahimta. Koci ya yi gyara, yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru don ladabi, koci ya ɗauka taurin kai ne ko rashin damuwa. Yaro ya zauna benci wasa uku bai tambayi dalili ba, ya yanke wa kansa hukuncin cewa koci ba ya son sa, alhali wataƙila abu ɗaya ne tak ake jira ya gyara.

Fara da lura da mutumin. Wane lokaci yake da sauƙin kai? Me ya fi ɓata masa rai, latti ko gardama ko son kai da ƙwallo? Wa yake saurara? Mafi yawan masu horar da ƙungiyoyin unguwa ba albashi suke karɓa ba, wani ma daga aljihunsa ake sayen ƙwallo da ruwan leda. Sanin haka yana sauya yadda za ka fassara faɗansa.

Idan kana da magana, kada ka yi ta a gaban 'yan wasa, kada ka yi ta ranar da aka sha kashi, kada kuma ka tura ta a rukunin WhatsApp na ƙungiya. Bari a kwana. Washegari bayan atisaye ka taya shi tattara kaya, ka ce: "Koci, Allah shi ba ka nasara, in kana da sarari ina son minti biyar." In ya ba ka, kada ka fara da "don mi ba ka sa ni?" domin wannan tuhuma ce, kuma duk wanda aka tuhuma kare kansa zai yi. Ka ce: "Koci, ina son in samu shiga. Mi ya kamata in gyara?" Sannan ka yi shiru ka saurara har ya gama, ko da abin da ya faɗa ya yi maka ɗaci. Maimaita masa da bakinka don a tabbatar an fahimci juna: "Wato in an ƙwace ƙwallo ba ni dawowa da wuri." Roƙe shi ya sa maka ido a kan wannan na mako biyu, ka yi godiya ka tafi. Bayan mako biyun ka koma ka tambaya ko ya ga canji. Kada ka ambaci sunan wanda aka sa a gurbinka ko sau ɗaya.

In kunya ta hana ka, ko kocin mai zafi ne, bi ta hannun kyaftin ko mataimakin koci ko wani dattijon ƙungiya. Neman mai shiga tsakani al'adarmu ce, ba wanda zai ga laifinka. Abin da ke ɓata lamari shi ne kai ƙara majalisa da teburin mai shayi, ko habaici a Facebook. Maganar za ta koma kunnensa, kuma ba yadda ka faɗe ta ba.

Game da tsawa a bakin fili: ware saƙon daga muryar. "Kai wane irin sakarai ne, koma baya!" saƙonsa kalma biyu ne, koma baya. Ɗaga hannu alamar ka ji, ka aikata. In tsawar tana rikita ka har kana ƙara kuskure, wannan ma abin faɗa ne a ranar da ake zaune lafiya: "Koci, in ka kira sunana ka faɗi abu guda, na fi ganewa." Koci mai hankali zai karɓa, domin shi ma nasara yake nema.

Kada ka ɓoye masa rauni don tsoron rasa gurbi. Targaɗen mako biyu da aka taka da shi yana iya zama jinyar wata uku. Wanda ya bugu a kai har ya ga jiri ko ya rikice, ba ya komawa fili a ranar, ko da shi da kansa ya ce ya warke. Haka in akwai jarrabawa, ko rashin lafiya a gida, ko mahaifi ya ce a je gona ko kasuwa, sanar da shi tun da wuri. Ɓacewa ba labari ita ce ta fi cin amana a idon koci.

Na bakwai: san inda haƙuri ya ƙare

Faɗa a kan wasa daban, cin zarafi daban. Duka, zagin iyaye, hana shan ruwa a matsayin horo cikin zafin Afrilu, tilasta wa mai rauni ya buga, neman kuɗi kafin a ba da jesi, miƙa wa yaro ƙwaya, ko neman keɓewa da yarinya ko ƙaramin yaro, ba ɗaya daga cikinsu da ke cikin horarwa. FIFA ta fitar da tsarin kare yara a harkar ƙwallo tun 2019. Wanda ya gamu da irin wannan ya gaya wa iyayensa ko wani babba da ya yarda da shi, a rubuta rana da wuri da waɗanda suka gani, a kai ga shugabannin ƙungiya, in ba su yi komai ba a wuce hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ko ma'aikatar wasanni. Abin da ya shafi taɓa mutunci kuwa na 'yan sanda ne. Iyayen 'yan mata su san mai horar da 'yarsu, su tabbatar akwai mace babba a duk tafiyar da za a kwana.

Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko da kocin da ya raine ka ne ya kawo ta. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, don haka duk wanda ya ce a sayar da gona zai kai yaro ɗan 16 Turai, a bincike shi da kyau. In kuma zama ya ƙi, ka bar ƙungiyar da sallama, ka mayar da kayansu. Masu horarwa a garin nan sun san juna, kuma sabon kocin zai tambayi tsohon.

Na takwas: lokacin zuwa asibiti

Fargabar wasa tana tafiya in an tashi wasa. Wadda ba ta tafiya wani abu ne daban. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, wasan da yake so ya fita ransa, yana guje wa mutane, ko zuciyarsa na bugawa da tsananin tsoro ba dalili, numfashi da littafi ba za su wadatar ba. An fi ganin haka bayan babban rauni, ko bayan an sallami mutum daga gwajin da ya ɗora wa rai. Michael Phelps, ɗan wasan ninƙaya na Amurka wanda ya fi kowa lambobin zinare a tarihin Olamfik, ya fito fili ya yi bayanin ciwon damuwar da ya sha, Simone Biles, 'yar wasan alkafura ta Amurka, kuma ta janye daga wasu wasanni a Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda lafiyar tunaninta.

Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma ba ya hana addu'a. Tafi da wani ɗan uwa, ka gaya wa likita tun yaushe abin ya fara, yadda barcinka da cin abincinka suke, da duk abin da kake sha, har wanda kake jin nauyin faɗa. Wanda ya fara tunanin cutar da kansa, ko ya furta cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.